Koren Zaren Kawu

Laifina ne, ba na Kawu ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya gaji da karatu a tsakiya ya ajiye takardar bai ji ba. Idon Kawu bai taɓa cin amanarsa ba, hannunsa ma haka. Ni ɗan ƙanwarsa na ci amanarsa, na kuma yi shiru shekara bakwai ina ji ana ɗora masa.

Allah Ya karɓi ransa ranar wata Talata da hantsi. Aka yi masa salla a Haramin Madina bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a muka dawo. Kwana uku muka yi zaman gaisuwa a ƙofar gidansa na unguwar Jurf, kujeru a jere layi biyu, daga magariba zuwa isha, mu dangi muna tsaye ana zuwa ana dafa mana kafaɗa. Larabawa suna cewa, "Azzamallahu ajrakum." Tsofaffinmu suna cewa, "Ya haƙuri? Allah Ya sa ya huta." Na yi mamakin yawan mutanen da ban sani ba. Akwai wani Badawi da ya zo daga Badar a bayan motar dabino, bai san kowa ba a cikinmu, ya zauna a kujerar ƙarshe yana share ido da gefen rawaninsa. Akwai dillalan tsofaffin kaya guda biyu daga Makka, waɗanda suka yi shekaru ba su taka gidan ba.

A rana ta biyu ne wani tsohon tela, mutumin Sudan, aminin Kawu tun suna samari, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Ya ce, "Ka san irin mutumin da kuka binne? Shekara arba'in ƙarfe bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sau ɗaya tak, da tsufa ya zo. Wa tsufa ya bari? Allah Ya yafe masa wannan ɗayar."

Na kusa da mu suka ce amin. Ni ma na ce amin. Bakina ya buɗe da ita kamar ba nawa ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, da ɗan karatun da na yi wanda bai wuce na rubuta rasit a shago ba, don a karanta wa duk wanda ya zauna a kujerun nan.

Kawu maƙeri ne, ɗan maƙeri. Mahaifinsa, kakana, ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana ƙira yana ci, har ya iso Madina Turkawa suna nan ba su tafi ba. Ya kafa rumfa kusa da tashar jirgin ƙasarsu, yana gyara tukwane da kwaɗuna da duk abin da soja ya karya. A wannan rumfar Kawu ya buɗe ido. Da Turkawa suka tafi, sun bar ƙananan bindigoginsu a hannun mutane, wasu a gidajen gari, wasu a ƙauyuka wajen Badawi. Mutanen garin nan suna ce wa irin wannan bindiga fard. Kawu kuwa har ya mutu tabanja yake ce mata, da sunan da ya ji a bakin Turkawa masu ita.

Ba harbi ya dame shi ba. Ban taɓa ganin harsashi ko ɗaya a gidansa ba. Duk tabanjar da aka kawo masa, abin da yake fara yi shi ne ya zare allurar da ke bugun harsashi, ya sa ta a 'yar jaka ya miƙa wa mai ita. Yakan ce, "Riƙe haƙorinta. A garin Manzo muke." Yana da takardar izini daga hukuma, ya sa ta a gilashi ya rataye sama da ƙofar ɗakin aikinsa, duk da shi kansa ba ya iya karanta ta. Abin da ya iya karantawa shi ne ƙarfe. Idan aka kawo tabanja, shi zai gaya maka ko ta sojan Turkawa ce da gaske, ko kuwa wani maƙeri ne ya kwaikwaya, ko an haɗa ta ne daga gawar bindigogi uku.

Ba ya yanke hukunci a ranar da aka kawo. Ko daga Jidda ka taso, sai ka bar masa ita kwana uku. In ka yi ƙorafi ya ce, "Baƙuwa ce. Ka taɓa ganin an tsare baƙo da tambaya ranar da ya sauka?" Rana ta farko yakan shimfiɗa wani tsohon farin harami da ya yi aikin hajji da shi, ya kwance ta gaɓa gaɓa a kai, ya jera. Ya ɗauki kowane yanki ya kai hanci. Yana cewa tsohon mai yana da warinsa, sabo yana da nasa, tsatsar da ta yi shekara sittin ba ta wari irin wadda aka yi jiya da lemon tsami. Rana ta biyu ya shafa baƙin fitila a kan tambarin, wata da tauraro da rubutun sarkin Turkawa, ya danna a takarda, ya gwada da waɗanda ya tara a cikin wani gwangwanin alewa. Rana ta uku ta farce ce. Zai sa farcen babban yatsansa a cikin lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ya bi ta a hankali, idonsa a rufe. Tsohuwar lamba bakinta ya lallausa, farce yana wucewa sumul. Sabuwa kuwa tana da leɓe, tana kama farce.

In ta ci jarrabawa, ba ya ba da takarda. A gindin mariƙin irin waɗannan bindigogi akwai ɗan zobe inda soja ke ɗaura igiya. Nan Kawu yake ɗaura koren zare, da wani ƙulli nasa mai hawa uku da ya koya wajen mahaifinsa. Shi ke nan shaidar. Daga Makka har Jidda, masu tara irin waɗannan kaya sun san zaren tsohon Takruri, kamar yadda ake kiran mutanen ƙasashenmu a nan. In suka gan shi ba sa ƙara tambaya.

Abin da ya fi tsana shi ne goge. Wata rana wani saurayi ɗan masu hali ya kawo tabanjar gidansu, ya sa an goge ta da inji tana walƙiya kamar cokali. Kawu ya juya ta, ya nemi tambarin ya ga ya shafe. Sannan ya ce, "Ya waladi, ka aske wa kakanka gemu don ya yi kama da ango. Yanzu wa zai gane shi?"

Amma ba ya wulaƙanta abin mutum. Badawin nan da na ce ya zo gaisuwa, sai daga baya na tuna shi. Shekarun baya ya kawo wata tabanja a naɗe cikin fatar akuya, ya ce ta wani babban hafsa ce, kakansa ya ƙwato ta a wajen yaƙi. Bayan kwana uku ya dawo. Kawu ya zuba masa shayi tukuna, sannan ya ce, "Ba ta Turkawa ba ce. Wani maƙeri ne ya yi ta, kuma ya iya aiki, Allah Ya jiƙansa." Fuskar mutumin ta faɗi. Kawu ya kamo hannunsa ya ɗora babban yatsansa a bayan mariƙin, inda ƙarfen ya ɗan lotsa. Ya ce, "Ka ji nan? Yatsan kakanka ne ya ci wurin nan, shekara da shekaru. Hafsan Turkawa me ya haɗa ka da shi? Wannan kuwa jininka ne. Kada ka sayar." Mutumin ya tafi da ita a ƙirji kamar jariri.

Akwai wata irin tabanja ƙirar Jamus da hafsoshin Turkawa suka riƙe, wadda ita ce Kawu ya fi so. Kubenta na katako ne, an rarake cikinsa, bindigar tana shiga ta kwanta a rufe. In an so, a fito da ita a maƙala kuben a gindin mariƙin, a jingina a kafaɗa kamar doguwar bindiga. A bakin kuben akwai ɗan ƙarfe da aka buga wa lamba, lambar nan kuma dole ta zama ɗaya da ta jikin bindigar. Bindigogin sun rage da dama, amma kuben ya yi wuya. Wasu an hura wuta da su a shekarun yunwa, wasu gara ta cinye, wasu sun rabu da bindigoginsu sun koma kan wasu. Wanda lambarsa ta yi daidai, Kawu yana ce masa ɗan gida. Wanda ya zo daga wata bindigar kuwa agola. Yakan ce, "Agola ba abin kunya ba ne, shi ma ɗan halak ne. Amma kada ka ce masa ɗan gida, ranar rabon gado za a ji kunya."

Shi kansa yana da guda ɗaya 'yar gida, da kubenta, da tsinken goge bakinta, da ɗamarar fatar da ake rataya ta. An ce wani hafsa ne ya yi jinya a rumfar kakana, da zai tafi ya bar masa. Ita kaɗai Kawu ya mallaka a duk shekarun da ya yi yana duba na mutane. Ranar Idi, bayan an ci abinci, yakan fito da ita ya shafa mata mai, mu manya muna zaune muna kallo. Ɗansa, taubashina, wanda ke jin Hausa amma sai ya ba ka amsa da Larabci, yakan tsokane shi ya ce Baba ya fi son wannan tsohuwar a kan Iya. Iya, matar Kawu, ta amsa daga kicin, "Ai ita ba ta magana, dole ya so ta."

Ni na koyi aikin ƙarfe a hannunsa. Da na yi aure na buɗe shagon yankan makulli a unguwar Sultana, Kawu ya ba ni kyauta, ƙarafan buga lamba guda goma da ya ƙera da hannunsa, daga sifiri zuwa tara, a cikin jakar fata. Na lamba biyar ɗin yana da ɗan giɓi a gefe, inda ƙarfen ya tsage wajen ƙira. Ya ce, "Yi haƙuri da shi, kowane gida da mai wushirya."

Lokacin kuɗin fetur ya shigo, gari ya cika da gine-gine da motoci. Masu hali suka fara ƙawata majalisunsu da tsofaffin takubba da bindigogi. Mutane suka yi yawa a ƙofar Kawu, shi kuwa yana nan da kwana ukunsa. Ni kuma na ga na iya. Na san wari, na san tambari, farcena yana jin leɓen lamba. Wata Juma'a bayan an watse na ce masa, "Kawu, ka bar ni in riƙa ɗaura zaren nan a shago. Ka huta. Masu sauƙin ni zan duba, masu wuyar in kawo maka."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ban iya ba ne?"

Ya ce, "Ka iya. Idonka ya fi nawa yanzu. Amma kana duba ƙarfe kana duba fuskar mai shi. Ranar da ka daina duba fuska, zo in ba ka zaren."

Na ji zafi ƙwarai. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da 'ya'ya uku. Na ce masa zamani ya wuce shi, mutane suna dariyar kwana ukunsa, zare kuma zare ne, a kasuwa ake sayar da shi. Na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa kawunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tayyib. Ka gaida mai ɗakinka." Na fita ban yi sallama ba.

Ba talauci ne ya sa ni ba, kada wani ya nema mini wannan uzurin. Shagona yana ci. So nake in nuna wa kaina cewa abin da yake taƙama da shi ba wani abu ba ne.

Bayan wata biyu na samo irin tabanjar nan ƙirar Jamus a wajen wasu magada a Badar, ta gaske, ba ta da kube. Kube kuma na daɗe da ajiye wani, shi ma na gaske, amma na wata bindigar. Na sa magagari na share lambar kuben. Na ɗauko ƙarafan da Kawu ya ba ni na buga lambar bindigar a wurin. Na shafa gishiri da lemon tsami, na binne bakin a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mako biyu, na fito da shi na murza da tsohon mai. Na bi leɓen lambar da tsinke na kwantar da shi iyakar iyawata. Sannan na sayi koren zare wajen masu kayan ɗinki, na yi ƙullin nan mai hawa uku. Sau dubu na ga ana yin sa. Hannuna bai ko yi rawa ba, wannan ma ina neman gafarar Allah a kansa.

Wani attajiri mutumin Jidda ya saya. Ya ɗaga zaren da yatsa ya ce, "Tsohon ya gani?" Na ce, "Ga zarensa kana gani."

Wata huɗu babu labari. Har na koma zuwa gidan Kawu ranar Juma'a kamar da, ba mu ƙara tayar da maganar ba. A lokacin yana tsohuwar unguwa kusa da Harami, kafin a rushe ta. Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisarsa, da tela, da dillalan Makka biyu, da maƙwabta, sai ga mutumin Jidda da akwati a hannu. Wani masani da ya ziyarce shi ya ce masa yana shakkar kuben. Attajirin bai zo da faɗa ba. Ya ce, "Ya ammi, ina so ka faɗa da bakinka a gaban mutane, in koma in rufe bakin wancan."

Kawu ya karɓa. A ranar kaɗai na ga ya karya ƙa'idarsa ta kwana uku. Ya taɓa zaren tukuna, ya murza ƙullin tsakanin yatsu biyu. Sannan ya sa farce a lambar kuben, ya rufe ido. Lambar tana da biyar a tsakiya. Na ga farcen ya zo wurin ya tsaya. Ya koma baya, ya sake zuwa, ya sake tsayawa a giɓin.

Ya buɗe ido. Bai dube ni ba. Ya ce, "Bindigar ta gaske ce. Kuben agola ne. Lambar sabuwa ce."

Mutumin Jidda ya miƙe tsaye. "To zaren fa? Ɗan 'yar'uwarka ga shi nan zaune, shi ya sayar mini, ya ce ka gani!"

Duk suka juyo gare ni. Akwai finjalin shayi a hannuna. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalma huɗu ce ko biyar. Na zuba wa shayin ido. Ban san tsawon lokacin ba, amma ya isa a ce mutum ya yi magana in mai yi ne.

Sai Kawu ya ce, "Ku bar shi. Abin da ya fita da zaren gidan nan, ni zan amsa shi."

Bai yi ƙarya ba, ku lura. Bai ce shi ya ɗaura ba. Amma kowa a wurin ya fahimci abu ɗaya, cewa tsoho ya duba ya kasa gani, ya sa ɗan ƙanwarsa a kunya. Tela ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga dillalan ya ce a hankali, "La haula. Girma ya zo."

Kawu ya tashi ya shiga ciki. Ya fito da tabanjar mahaifinsa, da kubenta da tsinkenta da ɗamararta, ya ajiye a gaban mutumin. Ya ce, "'Yar gida ka nema, ga 'yar gida. Bar mini waccan." Mutumin ya yi ta rantsuwa ba zai karɓa ba. Kawu ya ce, "Ka karɓa, ko ka bar ni da nauyin da ba zan iya ɗauka ba." Ya karɓa. Ina zaune aka fita da ita daga gidan da ta yi shekara sittin a ciki.

Da aka watse na tsaya, ina jiran ya zage ni, ko ya mare ni, da na samu sauƙi. Sai ya ɗauko dunƙulen zarensa ya kira Iya ya ce, "Ungo, ki yi ɗinki da shi." Ya juyo ya ce mini, "Magariba ta yi, mu je masallaci." Muka tafi tare, yana gaba ina baya.

Daga ranar bai ƙara duba bindigar kowa ba. In an kawo ya ce ya bari. Da farko ana roƙonsa, daga baya aka daina zuwa. Labari ya zaga har Makka cewa idon tsohon Takruri ya tafi, wasu ma marasa tsoron Allah suka ce an saye shi. Waɗanda ke da kaya masu koren zare suka fara kai su wani wuri a sake dubawa. Aikin shekara arba'in ya koma abin shakka. Taubashina ya taɓa ce mini da Larabcinsa, yana dariya, "Kai ne ka ci riba, bawana, Baba ya yi kuskure kai ka sha tausayi." Na yi dariya tare da shi.

Aka zo faɗaɗa Harami, aka rushe unguwarsu, suka koma Jurf. A sabon gidan babu ɗakin aiki. Idin farko a can, bayan an ci abinci, na ga hannunsa yana lalube a gefen tabarma, sannan ya tuna, ya ɗora hannun a gwiwa. Ban ƙara zuwa Idi da wuri ba. Nakan zo a makare, in gaishe shi a tsaye, in ce shago yana jirana.

Shi bai canza mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da aka yi mini haihuwa shi ya yi wa jaririn huɗuba. In dabinon Badar ya nuna, sai ya aiko mini da kasona. Wata rana da hantsi ma sai ga shi a Sultana, ya hau motar haya shi kaɗai da sandarsa. Ya zauna a kan benci yana kallona ina yanka makulli. Babu kowa a shagon sai mu biyu. Ya daɗe, sannan ya ce, "Hannunka ya natsu." Ya zuba mini ido. Na san jira yake. Tun daga Jurf ya taso don ya sauƙaƙa mini. Na ce, "Kawu, a kawo shayi ko gahawa?" Ya ce, "Shayi." Ya sha, ya sa mini albarka, na tsayar masa da mota.

Yau in an ce in ba da shagon da abin da ke cikinsa don a dawo mini da wannan hantsin, zan bayar. Ina kewar warin man nan da ke hannunsa. Ina kewar yadda yake rufe ido in yana sauraron ƙarfe, da yadda yake cewa "tayyib" in ya gama da magana. Wani lokaci abokin ciniki yakan miƙo mini tsohon kwaɗo, sai in ga na kai shi hanci ban sani ba.

Ciwonsa na ƙarshe ya ɗauki wata guda. Iya ce ta aiko a kira ni. Da na zo ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kullum sai ya tambaya ko ka zo. Ban san abin da ke tsakaninku ba, amma likita ya ce mu yi haƙuri. In akwai magana, yau ce."

Bayan azahar ne. Yana kwance a kan gado, fuskarsa wajen alƙibla, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Na durƙusa a gefensa na kama ƙarfen gadon. Na yi ƙasa da murya yadda ko ni da ƙyar nake ji. Na ce, "Kawu, ni na buga lambar nan. Ni na ɗaura zaren. Ka yafe mini."

Ya juyo da kai a hankali. Ya ce, "Wa ke nan? Kai ne? Wannan kunnen ya mutu tun bara. Zagayo ta nan, ka ɗaga murya."

Har yau ban sani ba ko da gaske bai ji ba. Na tashi na zagaya gadon. Ƙofa a buɗe take, Iya tana tsaye a bakinta da kwanon kunu, bayanta matan gida suna tsakar gida. Na durƙusa ta ɗaya gefen. Ya ɗora tafin hannunsa a kaina, ba nauyi kamar ganye. Ya ce, "To, ina jin ka."

Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gabansa ba sai ranar da na yi masa rashin kunya. Na ce, "Kawu, ni ne. Ni na share lambar, ni na buga sabuwa da ƙarafan da ka ba ni, ni na yi ƙullinka. Aka tambaye ni a gaban mutane na yi shiru. Na raba ka da sana'arka, na raba ka da abin mahaifinka, na bar ka da sunan da ba naka ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah, don darajar wanda muke maƙwabtaka da shi a garin nan, Kawu, ka yafe mini."